Me ya sa ake sa injin motocin gudu a bayan direba?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Kwanakin baya a Abuja na ga wata jar Ferrari. Mai ita ya ɗaga bonet, sai na ga wurin ajiye kaya ne, injin kuma yana can baya a ƙarƙashin gilashi, daf da kujeru. Na kuma ji an ce Corvette ma ta mayar da nata injin baya. Shin akwai dalili na aiki, ko burga ce kawai ta masu kuɗi? In kuma hakan ya fi, me ya hana a yi wa sauran motoci?" Wani mai karatu daga Kaduna.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko matsar da inji bayan kujera yana ƙara wa mota wani abu da za a iya aunawa, da kuma abin da ake rasawa a madadinsa, tunda ba a yi wa Corolla haka ba. Amsar ta farko gajeriya ce. Yana ƙarawa, kuma sikeli da agogo suna nunawa. Ta biyun ce mai tsawo, don kusan duk wahalar da ke tattare da waɗannan motoci, zafi ne, tsadar gyara ce, ko halinsu na kuɓuce wa direba a kwana, daga wannan shawara guda ta taso.

Da farko dai "baya" iri biyu ce. Akwai motar da injinta yake rataye can bayan tayoyin baya, kamar tsohuwar Volkswagen ƙirar kunkuru da Porsche 911. Akwai kuma wadda injinta yake bayan direba amma a gaban tayoyin baya, wato nauyinsa ya faɗo tsakanin tayoyi huɗun. Wannan ta biyun ita ake cewa mai inji a tsakiya, kuma ita ka gani. Ba ka faɗi samfurinta ba, don haka zan ɗauki Ferrari 458 Italia, wadda aka fara nunawa a Frankfurt a 2009, ta zama ma'auninmu. Injinta mai silinda takwas ne, lita 4.5, ƙarfin doki 570, yana juyawa har sau 9,000 a minti. Kamfanin ya ce tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4, ƙarshen gudunta kuma 325.

Daga filin tsere aka ɗauko

Ba masu zanen bodi ne suka ƙirƙiro tsarin ba. Tun a shekarun 1930 motocin tseren Auto Union na Jamus, waɗanda Ferdinand Porsche ya tsara, suna ɗauke da inji mai silinda 16 a bayan direba. Suna cin tsere, amma sun yi suna wajen wuyar tuƙi, shi ya sa sauran kamfanoni ba su yi rububin kwaikwaya ba. Sai a 1959 da 1960, da Jack Brabham ya lashe gasar Formula 1 sau biyu a jere da 'yar ƙaramar motar Cooper ta Ingila, wadda injinta bai kai na Ferrari ƙarfi ba, sannan kowa ya sallama. Ferrari da ta yi ta jan ƙafa ta bi sahu, ta ci gasar 1961 da mota mai inji a tsakiya.

A kan titi kuwa, wata ƙaramar motar Faransa, Djet ta René Bonnet, tana cikin na farko a 1962, amma wadda ta girgiza kasuwa ita ce Lamborghini Miura ta 1966. Matasan injiniyoyi, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani, suka kwantar da inji mai silinda 12 a gicciye bayan kujeru, Marcello Gandini ya zana mata jiki. Tun daga nan siffar motar alfarma mai gudu ta zama wadda ka sani: gajeren hanci, kujeru sun matso gaba, baya mai faɗi.

Lissafin nauyi

Ƙarfin inji ba ya motsa mota sai ya bi ta taya, taya kuma ba ta kama kwalta sai gwargwadon nauyin da ya danne ta. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin maganar. Inji da giyabos su ne dunƙule mafi nauyi a jikin mota, don haka inda ka ajiye su shi ke yanke wace taya za ta samu riƙo. A 458, kashi 42 cikin 100 na nauyi yana kan tayoyin gaba, 58 yana kan na baya. Motar gudu mai inji a gaba da aka tsara da kyau takan raba rabi da rabi. Motar gida mai ja da tayoyin gaba kuwa, kusan kashi 60 nata a gaba yake.

Mu fara da tashi daga tsaye. Tayoyin baya ne ke turawa. In suna ɗauke da 58 maimakon 50, to za su iya sauke ƙarfin da ya fi na ɗayar da kusan kashi 16 cikin 100 kafin su fara juyawa a banza suna hayaƙi. Ba a ƙara wa inji komai ba, wuri kawai aka sauya masa. Corvette ɗin da ka ambata, motar gudu ta kamfanin Chevrolet na Amurka, ita ce shaida mafi kyau, don kamfani ɗaya ne ya yi duka biyun. Ta ƙarshe mai inji a gaba, ZR1 ta zubi na bakwai, tana da ƙarfin doki 755, kuma Chevrolet ya ce tana kai mil 60 a awa, wato kusan kilomita 97, cikin daƙiƙa 2.85. Ta zubi na takwas da ta fito a 2020 da inji a tsakiya, ƙarfinta doki 495 ne kacal, amma lokacinta 2.9. An rage doki 260, agogo bai ma lura ba. Gaskiya ba wurin inji kaɗai ya yi wannan ba, sabon giyabos mai kulochi biyu da gajerun giyoyin farko sun taimaka. Amma injiniyoyin sun faɗa a fili cewa tsohon tsarin ya kai maƙura: duk dokin da suka ƙara a gaba, tayoyin baya sun kasa sauke shi a ƙasa. Zora Arkus-Duntov, injiniyan da ya raini Corvette, tun wajen 1960 yake ƙera motocin gwaji masu inji a tsakiya yana roƙon kamfanin ya yarda. Ya rasu a 1996 bai ga fitowarta ba.

Birki ne mutane ba su cika tunawa ba, alhali a ganina nan ribar ta fi daɗi. Duk lokacin da ka taka birki nauyi yana zubowa gaba, shi ya sa hancin mota ke dukawa. Yawan abin da ke zubowa ya dogara da tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa da kuma nisan da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. A 458 nisan nan mita 2.65 ne. Mu ɗauka cibiyar nauyinta tana santimita 45 daga ƙasa. A birki mai tsanani, kusan kashi 17 na nauyin motar zai koma gaba, wato rabon ya tashi daga 42 da 58 ya zama kusan 59 da 41. Tayoyin baya har yanzu suna da aikin yi. Yi wa motar rabi da rabi wannan lissafi, za ka samu 67 da 33. Motar gida kuwa ta haura 75 a gaba, tayoyin bayanta kusan rakiya kawai suke yi. Taya tana da wani hali: in ka ninka nauyin da ke kanta, riƙonta ba ya ninkuwa cif, yana ɗan gazawa. Saboda haka motar da ta raba aikin birki kusan daidai tsakanin tayoyi huɗu ta fi tsayawa da wuri, birkinta kuma ya fi jure maimaici ba tare da ya ƙone ba.

Na uku shi ne shan kwana, kuma nan ba yawan nauyi ake dubawa ba, nisansa daga tsakiya ake dubawa. Ka lura da ɗan ga-ruwa mai garwa biyu a kan sanda. In zai juya, sai ya yi a hankali, in kuma ya fara juyawa garwoyin sukan so su wuce da shi. Ba shi ruwan nan duka a jarka ɗaya ya rungume a ƙirji, zai juya nan take ya tsaya nan take. Nauyin bai canza ba. Mota mai inji can gaba da tanki can baya ita ce mai sanda. Wadda ta tara inji, giyabos, tanki da direba wuri ɗaya ita ce mai jarka. Da ka taɓa sitiyari ta amsa, babu jira. Ga shi tayoyin gaba ba su da lodi mai yawa, sitiyarin ya zo da sauƙi, kuma yana gaya wa hannunka abin da ke faruwa a ƙasa.

A aikina na saitin ƙafar mota, mukan ɗora kowace taya a kan nata sikelin. Abin da ke burge ni da waɗannan motoci shi ne, ka cika tanki ko ka bar shi kusan wayam, ka zaunar da direba ko ka fitar da shi, rabon gaba da baya da ƙyar yake motsawa, saboda duk abin da ke ƙaruwa ko raguwa yana tsakiya. Miura ba ta samu wannan ba. Tankinta a gaba yake, in mai ya ragu hancinta ya yi sauƙi, iska kuma ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi a kan babban gudu.

Inda take cizo

Saurin amsawar nan da na yaba shi ne kuma haɗarinta. Ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima a motar gida, abin da zai faru shi ne hancinta ya ƙi juyawa, ta nemi miƙewa. Tsoro ya sa ka ɗaga ƙafa daga totur, nauyi ya zubo gaba, tayoyin gaba su kama, motar ta dawo hanya. Tsoronka ne ya cece ka. Yi haka a mota mai inji a tsakiya. Ka ɗaga ƙafa, nauyi ya bar tayoyin baya, alhali su ne ke riƙe da kaso mafi girma na motar a cikin kwanar. Baya ya fara zamewa waje. Tunda motar ba ta da nawar juyawa, kafin hannun direban da bai saba ba ya mayar da sitiyari, ta riga ta juya tana kallon inda ta fito. Ɗabi'ar da ta yi maka amfani shekara da shekaru ita ce za ta kayar da kai a nan.

Ba sai mota mai tsada ba. Toyota MR2 ta zubi na biyu ta yi ƙaurin suna da wannan hali har kamfanin ya sake tsara ƙafarta ta baya da girman tayoyinta a farkon shekarun 1990. Magungunan da injiniyoyi ke amfani da su sanannu ne. Tayoyin baya su fi na gaba faɗi sosai: a 458 na gaba milimita 235 ne, na baya 295. Ana saita tayoyin baya su ɗan kalli ciki, don baya ya zauna daram. Ana kuma tsara ƙafar gaba ta yadda ita za ta fara sakin riƙo kaɗan kafin ta baya, ya zama gargaɗi ga direba. Na sha karɓar mota mai ita yana kukan tana rawa da an haura gudu, a duba a tarar wani mai alaimen ya miƙe tayoyin baya sak, yadda ya saba yi wa motar gida. Bambancin milimita biyu ko uku ne, ido ba ya gani, amma ya isa ya sauya halin motar gaba ɗaya.

Sauran aikin kwamfuta ke yi. A 458 akwai na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayar baya ta dama da ta hagu, da wadda ke rage ƙarfin inji in taya ta fara zamewa, da wadda ke taka wa taya guda birki don miƙe motar, duk suna shawara da juna sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai ɗan makunni a kan sitiyari da ke rage sa bakinsu mataki-mataki har a kashe su. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: a kan titin jama'a ba a taɓa shi. Porsche Carrera GT, mai silinda goma da doki sama da 600, ba ta da na'urar miƙe mota. Ita ce ta yi haɗarin da ya kashe ɗan wasan Amurka Paul Walker da abokinsa Roger Rodas, wanda ke tuƙi, a Kalifoniya a Nuwamba 2013. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, tsakanin kilomita 130 zuwa 150 a titin da iyakarsa ba ta wuce 72 ba, sun kuma gano tayoyin sun kai kusan shekara tara.

Ni ba direban tsere ba ne, aikina a gareji yake da wurin gwaji, don haka abin da ke faruwa a ƙarshen iyakar riƙon taya, daga bakin masu tuƙin da kuma bayanan na'ura nake ɗaukarsa. Alƙaluman gudu kuma na kamfanoni ne, an same su a kan kwalta mai kyau, da sababbin tayoyi da direban da ya san motar.

Zafi da iska

Inji a gaba yana shan iska kyauta. Inji a tsakiya yana cikin akwati, gabansa mutane, bayansa giyabos da salansa. Hanya biyu ce. Ko ka bar lagireto a hanci ka ja dogayen bututun ruwa ta ƙarƙashin kujeru, ko ka kawo lagireton gefe ka huda bodi. Ferrari ta gwada duka. Samfurin 512 BB yana da lagireto a gaba, bututun ruwan zafi suna gasa masu zama a ciki, kuma sun cinye wurin kaya. Da aka zo Testarossa a 1984 sai aka mayar da lagireto gefe biyu, motar ta yi faɗi har kusan mita biyu, aka sa mata dogayen tsagogin nan a ƙofa da kowa ke ɗauka ado ne. A 458 an koma gaba, shi ya sa gefenta yake sumul, iskar da inji ke shaƙa tana shiga ta ƙananan kafofi a bayan tagogi. Da magajiyarta 488 ta zo a 2015 da tobo biyu, wato na'urar da ke matsa wa inji ƙarin iska, manyan ramukan gefe suka dawo, saboda iskar da tobo ya matsa tana zafi, sai an sanyaya ta. In ka iya karanta ramukan jikin irin wannan mota, za ka faɗi abin da ke cikinta ba tare da an buɗe ba.

Zafin nan ba wasa ba ne. A 2010 Ferrari ta janye 458 guda 1,248 bayan wasu sun kama da wuta. Ba inji ne ya yi laifi ba, wani gam ne da aka liƙa garkuwar zafi da shi a ramin tayar baya, kusa da salansa. Aka cire gam aka sa ƙusoshin ƙarfe. Injiniya Gordon Murray kuwa, da yake ƙera motar McLaren F1 ta 1992, shimfiɗa wa ɗakin injin takardar zinariya ya yi, don tana mayar da zafi, jikin motar kuma na zaren kabon ne da ba ya son gashi.

Ta ɓangaren iska kuma tsarin ya biya. Tunda babu inji a gaba, hanci yana iya yin ƙasa sosai, direba ya ga titi daf da ƙafarsa. Babu farfela da ke bi ta ƙarƙashi daga gaba zuwa baya, sai a shafe cikin motar ya zama sumul, a ɗaga ƙarshensa ta baya, iskar da ke wucewa ta ƙasa ta yi sauri ta tsotso motar zuwa kwalta. Ferrari ta ce 458 tana samun dannin kilo 140 a gudun kilomita 200, ba tare da fiffike a baya ba. A hancinta akwai wasu ƙananan fikafikai masu lanƙwasa da kansu in gudu ya ƙaru, su rage iskar da ke shiga lagireto. Ko Porsche, da ta yi shekaru tana kare inji a can baya, ta matso da injin motar tserenta 911 RSR gaban tayoyin baya a 2017, musamman don ta samu wurin faɗaɗa mafitar iskar nan ta ƙasa.

Shi kansa injin sai an sake masa tsari. Babu kaskon baƙin mai mai zurfi a ƙasansa. Famfuna ne ke zuƙe man zuwa tanki na daban, abin da ke ba da damar sauke injin ƙasa, ya kuma hana man taruwa gefe guda a doguwar kwana ya bar inji a bushe. Ƙarar Ferrari mai kaifi, wadda ta bambanta da gurnanin manyan injunan Amurka duk da silinda takwas ne dukansu, daga karanshaf take, wato sandar da fistin ke juyawa: nata shimfiɗaɗɗe ne, mara nauyi, mai saurin hawa, sai dai yana da karkarwa. Gangar jikin kuma dole ta yi tauri, don ƙafar mota ba ta aiki daidai in abin da aka ɗaure ta a jiki yana murɗewa. Ferrari ta yi 458 da alminiyom. McLaren tana zuba ɗakin zaman a matsayin kwano guda na zaren kabon. Honda NSX ta 1990 ita ta fara nuna cewa za a iya yin duk wannan da alminiyom kuma motar ta tashi kowace safiya ba gardama, bayan zakaran Formula 1 Ayrton Senna ya gwada ta a filin tseren Suzuka na Japan ya ce jikinta bai yi tauri ba, aka koma aka ƙara.

Me ya hana a yi wa kowa?

Wurin da injin ya zauna shi ne wurin kujerar baya. Wannan kaɗai ya rufe maganar motar iyali. Wurin kayan 458 lita 230 ne. Ganin baya kusan babu. Ƙarar inji da zafinsa suna bayan kunnenka. Gyara kuma sai wanda ya gani: a Ferrari F355 ta shekarun 1990, sauya taimin bel yana nufin sauke inji gaba ɗaya tare da ƙafar baya. A magajiyarta 360 aka buɗe ƙofa a bayan kujeru, daga samfurin F430 kuma aka koma sarƙa maimakon bel. Sababbin sun fi sauƙi, amma har yau aikin da bakanike zai gama cikin awa guda a motar gida yana iya cin yini, yawancinsa a kwance abubuwan da suka tare hanya.

Kada kuma ka ɗauka duk motar gudu ta ƙwarai sai mai inji a tsakiya. Ferrari da kanta, bayan shekara ashirin da wani abu tana sa silinda 12 a bayan direba, ta dawo da shi gaba a 550 Maranello ta 1996, don masu saye suna son motar da za su yi doguwar tafiya da ita. Dabarar ita ce a tura injin can ciki, bayan layin tayoyin gaba, a kai giyabos baya. Da haka 812 Superfast ta samu rabon 47 da 53. In tafiya daga gari zuwa gari ce, da jaka biyu da kwanciyar hankali, ni wannan tsarin zan zaɓa. Inji a tsakiya yana nuna fifikonsa ne a wurin da ake taka birki da ƙarfi, a juya, a sake taka totur, a maimaita, wato filin tsere ko titin dutse mai kwana-kwana. A miƙaƙƙen titi cikin gari, abin da mai ita ke mora shi ne siffa da ƙara. To ka ga zarginka na burga bai faɗi ƙasa banza ba, sai dai laifin ba na injiniyoyin ba ne.

Wanda zai ajiye irinta a nan ƙasar, abu huɗu ke jiransa. Fetur: injin 458 yana matse iska sau 12.5, yana son mai mai lambar oktan, wato ma'aunin jure matsi, 95 zuwa sama, kuma ba kowane gidan mai ne zai ba ka tabbacin haka ba. In man bai kai ba, kwamfuta za ta ja wuta baya don kare fistin, ƙarfi ya ragu, zafin salansa ya ƙaru, a ɗakin da dama zafi ya yi masa yawa. Cunkoso: an tsara sanyaya motar ne da iskar gudu, tsayuwa cikin go-sulo a watan Afrilu fanka kaɗai ke aiki, robobi da wayoyi suna gasuwa. Ƙurar hunturu tana toshe lagireton da ke daf da ƙasa, sai an riƙa wanke shi ta baya da ruwa mara ƙarfi. Sai tudun rage gudu da ramuka, ga mota da tsakaninta da ƙasa santimita goma da 'yan kai ne. Kada a sayi wadda ba ta da na'urar ɗaga hanci. Ta Corvette tana ɗagawa kusan santimita huɗu, har tana iya haddace wuraren da aka saba ɗagawa ta yi da kanta.

Abin da na fi dubawa in an kawo mini irin wannan mota ba inji ba ne, taya ce. Motocin nan zama suke yi, maleji kaɗan, zanen taya kamar sabo, amma robar ta bushe ta yi tauri, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta hakan. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 na 2018. In ta haura shekara biyar zuwa shida nakan ce a sauya, ko da ba ta ci ba, a sauya biyun baya tare, da girma da samfurin da kamfanin ya rubuta, sannan a kai ta alaimen wurin wanda ke da alƙaluman wannan motar a gabansa.